Kaifin da Ba Wanda Ya Nema

A shekarata ta biyu a Amurka na koma Landover, cikin wani gidan haya mai hawa uku. Karatun injiniya ne ya kai ni, a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da wasiƙa takan yi mako uku a hanya, ta iso labarin cikinta ya riga ya tsufa. Da safe in hau bas zuwa makaranta, da yamma in dawo in dafa shinkafa a 'yar tukunyata guda, in ci a tsaye gaban taga. Akwai wata Lahadi da na lura tun bayan sallar Juma'a ban yi wa ɗan Adam magana ba. Sai na buɗe firij na yi masa sallama, don in ji ko muryata tana nan. Tana nan, ta dai ɗan dushe.

Ba wai babu Hausawa a garin ba ne. A Wheaton, wata unguwa da ba ta da nisa da mu, akwai wani babban likita, mutumin Kano, wanda gidansa ya zama zauren kowa. Duk Lahadi matarsa takan tuƙa tuwo, jama'a su taru: likitoci, malaman jami'a, 'yan kasuwa, da nas-nas 'yan Jos da Kafanchan da suke biyowa daga coci. Mutanen kirki ne, ba wanda ya taɓa yi mini kallon banza. Amma hirar Bahaushe ba ta nisa ba a zo kan "ɗan gidan wa ne kai" ba. Wannan ɗan alƙali ne, wancan jikan hakimi. Da aka zo kaina na ce, "Mahaifina harkar ƙarfe yake yi." Suka gyaɗa kai, suka ɗauka dillalin rodi ne mai manyan shaguna. Ni kuma na bar su a haka.

Mahaifina maƙeri ne, na baƙin ƙarfe, mai ƙera fartanya da lauje da wuƙar yanka kuɓewa a wani ƙauye gabas da Kano. Ni ma a bakin zugazugi na yi wayo kafin boko ya ɗauke ni. Ban san ranar da na fara jin kunyar wannan ba. Ina jin a makarantar kwana ce, inda aka laƙaba mini suna saboda baƙin da ya ƙi fita daga farcena. Abin da na sani shi ne, tun daga wannan amsar na rage zuwa Wheaton. Wanda ya ɓoye abu a cikin jama'a ba ya sakewa, ko tuwon ba ya wuce masa da daɗi.

Wata rana lokacin zafi, irin ranakun nan da rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas, na ji wata ƙara ta taga: fuu, fuu, fuu. Kunnena ya gane ta kafin hankalina. Kukan wuta ne idan iska ta doke ta. Na leƙa, sai ga wani ƙaton mutum a kan ciyawar da ke bayan wurin ajiye motoci, ba riga, ya ɗaura zane a ƙugu, yana juya wani dogon abu da wuta ke ci a bakinsa biyu. Yana juya shi da sauri har wutar ta haɗe ta zama zobe. Ya zura shi ta ƙarƙashin ƙafa, ya zagaya da shi ta baya, ya cilla sama ya cafe. Na sauko da silifas wari da wari.

Ina tsaye har ya gama ya shaƙe wutar da jiƙaƙƙen tawul. Ya dube ni ya ce, "Kai ma 'yan kwana-kwana za ka kira mini? An kira su sau biyu."

Na ce, "Wa ya ba ka maganin?"

Ni a wurina tambaya ce mai hankali. A garinmu idan ana bikin maƙera, makaɗa suna dukan dundufa, na sha ganin baffana ya ɗauki jan ƙarfe da hannu ya goga a harshe, kuma kowa ya san akwai abin da ya sha. Mutumin ya sa na maimaita, na yi masa bayani da Turancina na aji. Sai ya tuntsire da dariya har ya dafa gwiwa. Ya miƙo mini hannuwansa: ko gashi ɗaya babu daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, sai tabon ƙuna, sabo a kan tsoho. Ya ce, "Ga maganin nan. Ka ƙone, ka sake ƙonewa, har wutar ta gaji da kai."

Ashe maƙwabcina ne, ɗakinsa yana ƙarƙashin nawa daidai. Mutumin Samoa ne, wani tsibiri da sai da na duba taswira sau biyu kafin na gan shi a tsakiyar ruwa. Litinin zuwa Juma'a yana tura keken wasiƙu ofis-ofis a ɗaya daga cikin manyan gine-ginen gwamnati da ke unguwar Southwest. Ƙarshen mako kuma yana wasan wuƙar wuta a wani gidan abinci mai itatuwan kwakwa na roba, inda masu cin abinci suke tafa masa da baki cike, suna tambayarsa labarin Hawaii, inda bai taɓa zama ba. Matarsa ma 'yar Samoa ce, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Su biyu ne kawai.

Ya ba ni wuƙar na riƙe. Kamar adda take, amma da doguwar ƙota, bakinta kuma ya lanƙwaso baya ya yi ƙugiya. An naɗe saman ruwanta da tsumman tawul an ɗaure da waya, an yi haka a gindin ƙotar ma. Nan ake jiƙawa da wani farin mai a kunna. Tsakanin tsumman sama da ƙota an bar ƙarfe tsirara, kamar taƙi ɗaya. Ya ce makamin yaƙin kakanninsa ne, jarumi yakan juya shi idan ya dawo da nasara. Wutar daga baya aka ƙara. Wannan ta kawunsa ce, shi ya koya masa. Yana da wata mara nauyi da yake zuwa gidan abinci da ita, amma wannan ita ce ta gaske.

Daga ranar na sami aikin yi da yamma. Ni ne mai bokitin ruwa da jiƙaƙƙen tawul, ni ne kuma makaɗi. Ya ba ni gwangwanin biskit da sanduna biyu, ya ce a garinsu ma shi ake duka. Kiɗan nasu gudu ne da shi kamar ana kora, ni kuwa hannuna kullum sai ya zame ya koma takun dundufa. Ya tsaya da wuta a hannu ya daka mini tsawa: "Uso, jana'iza ake yi? Ƙara wuta!" Uso a harshensu ɗan'uwa ke nan. Tun da na sauka daga jirgi ba wanda ya yi mini tsawa irin ta gida sai shi, kuma na ji daɗinta ƙwarai.

Ranar Lahadi bayan sun dawo coci sukan kira ni cin abinci. Matar ta gane ba na cin alade, ta ware mini tukunya ta daban, kifi da madarar kwakwa. A kan wannan kifin ne wata rana ya tambaye ni sana'ar mahaifina, na ji bakina ya ce, "Maƙeri ne." Ya ajiye cokali. Ya ce, "Yana ƙera wuƙa? Da hannunsa?" Ya juya ya faɗa wa matarsa da harshensu, ita ma ta dube ni kamar an ce mata ɗan gwamna ne ya zo cin kifi. Shi ne mutum na farko a Amurka da na gaya wa. Na hau ɗakina ranar ina jin kamar an sauke mini kaya.

Sai aka sa ranar wani taro na mutanen tsibiran, a wani wurin shaƙatawa bakin kogi. Za su zo daga Virginia, daga Baltimore, har da sojojinsu da ke barikokin kusa da iyalansu. Aka ce abokina ne zai rufe taro. Ban taɓa ganinsa cikin zumuɗi da fargaba irin na lokacin ba. Ya ce, "Waɗannan sun san abin. Akwai tsofaffin da suka ga kawuna yana yi." Saura kwana goma, yana gwaji, wuƙar ta kuɓuce ta faɗi kan siminti. Ƙugiyar ta buɗe, ruwan wuƙar ya fara rawa a cikin ƙota. Ya zauna a ƙasa da ita a cinya. Mai gyaran irinta sai Hawaii, kuma ba za ta je ta dawo cikin kwana goma ba.

Na ce, "Kawo."

Ranar Asabar, yana wurin aiki, na kafa maƙera a bayan gida. Na ɗauki murhun gasa namansa na shafe cikinsa da laka, na cika da gawayi. Na ari na'urar busar da gashi ta matarsa ta zama zugazugi. Wani guntun ƙarfen layin dogo da na samo a ɗakin aikin makaranta ya zama uwar maƙera. Da mahaifina ya ga wannan haɗin da ya yi dariya har ya yi tari. Amma da ƙarfen ya yi ja, na ɗora shi na kai masa dukan farko, sai hannuna ya tuna komai. Shekara goma sha biyar rabona da guduma, ga shi tana sauka inda ya kamata ba tare da na gaya mata ba. Na mayar da ƙugiyar yadda take, na sake ƙusoshin ƙota, na ɗora wuƙar a kan yatsa na ga nauyinta ya zauna daidai. Ina aikin ina hawaye, kuma ba hayaƙi ba ne.

Da na gama sai na bi bakinta da babban yatsa. Dakusasshiya ce, kamar bayan cokali. Na ji tausayin abokina. Na ce a raina, bawan Allah, yana ƙasar da ba maƙeri, shekara da shekaru yana fama da wuƙar da ko albasa ba za ta yanka ba.

A maƙerar mahaifina akwai ƙa'ida: ƙarfe ba ya fita a dakushe. Ko ƙota kawai mace ta kawo a sake mata, sai ya wasa wuƙar kafin ya miƙa, ba tare da ta ce ba. Yakan ce dakusasshiyar wuƙa idan ta fita daga hannunka, zaginka ta tafi yi a gari. Ban tsaya na tambayi kaina don me mutumin da ya san wuƙarsa kamar tafin hannunsa zai bar ta haka ba. Na gan shi ya cafe ta ya fi sau ɗari, amma idona a kan wuta yake, ban taɓa lura da inda hannunsa yake sauka ba. Na sa magagari, na bi da dutse, na yi ta wasawa har ta aske gashin hannuna. Sannan na ɗumama ta na shafe da mai, ƙarfen ya koma baƙi ƙirin don kada ya yi tsatsa. Ƙyallin kaifin ya ɓace. Na naɗa sabon tsumma na ɗaure da waya yadda na ga yana yi.

Akwai ƙa'ida ta biyu: maƙeri ba ya lissafa aikinsa. Ba ka cewa na yi kaza na ƙara kaza, wannan halin ɗan koyo ne. Ka miƙa kawai, manomi zai ji a gona. Saboda haka na riƙe ta a ɗakina wai mai ya bushe, a gaskiya kuwa don in riƙa kallonta, shi kuma ya ci gaba da gwaji da mara nauyin. Sai ranar taron da safe, a gaban motarsa, na miƙa masa ba tare da na ce uffan ba. Ya kama ƙotar, ya juya ta dama, ya juya hagu, ya ɗan cilla ya cafe ƙota. Ya ce, "Kamar ranar da kawuna ya ba ni." Ya rungume ni har haƙarƙarina ya yi ƙara.

Taron ya yi jama'a. Tsofaffin mata da furanni a kunne, maza masu faɗin ƙirji cikin zannuwa, yara suna guje-guje, hayaƙin gashi ya cika wurin. An kawo makaɗa na gaske, don haka aka sallame ni daga gwangwani, na koma bokitina. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya jawo ni ya ce, "Wannan ɗan'uwana ne, ubansa maƙeri ne, shi ya gyara mini ita." A ranar an faɗi sana'ar gidanmu a bainar jama'a ya fi sau ashirin, ni kuma sai washe baki nake yi.

Rana ta faɗi, na yi magariba a bayan wata bishiya, na dawo na tarar an buɗe fili. Kiɗa ya tashi. Abokina ya shigo da gudu da wuta a baki ɗaya, ya shafi harshen wutar da tafin hannu ya kai ta ɗaya bakin. Mata suka yi ihu. Ya taɓa ta da harshe. Ya kwanta rigingine ya ɗora wutar a kan tafin ƙafafunsa, ya miƙe yana juyawa, zoben nan yana bin jikinsa ko'ina. Na ga wani dattijo a kujerar gaba yana gyaɗa kai a hankali. Sai kiɗan ya ƙara gudu, abokina ya durƙusa kaɗan ya cilla ta sama, sama sosai, fiye da yadda na taɓa gani. Ta juya sau uku ta sauko. Ya cafe ta inda ya saba cafe ta idan ta zo daga nesa, a kan taƙin nan na ƙarfe tsirara.

Bai yi ƙara ba. Ya mayar da ita hannun hagu, ya juya sau biyu, ya rusuna, jama'a suka ɓarke da tafi. Ya taho wurina yana murmushi saboda idon mutane, hannun dama a dunƙule a ƙirji, wani baƙin abu yana bin gwiwar hannunsa yana ɗiga. Na shaƙe wutar da tawul. Ya ɗora babban yatsansa na hagu a bakin ƙarfen, a hankali, ya ɗago ya dube ni.

"Uso, ka wasa ta?"

"Na wasa."

Wallahi lokacin da kalmar ta fito akwai sauran alfahari a cikinta. Kafin ta kai kunnensa na gane abin da na yi. Matarsa ta iso ta naɗe hannun da mayafinta, wasu maza biyu suka sa shi a mota zuwa asibiti. Wasu mutane da ban sani ba suka rage mini hanya zuwa Landover, ina zaune a baya da bokiti a cinya. Garin neman gira an rasa ido.

Washegari na ji sun dawo. Na ji an buɗe ƙofarsu, na ji muryar matar. Na sa takalmi, na kai hannu ga ƙofata, sai na tsaya. A inda na fito, idan ka zubar wa mutum da jini ba ka wanke ƙafa ka je ka ƙwanƙwasa masa ƙofa kai kaɗai, ka ce yi haƙuri kamar ka taka shi a kasuwa. Wannan raini ne. Babba ake nema ya shige gaba, kai kana baya kanka a ƙasa, shi ya yi magana. Na zauna na ƙirga manyan da nake da su a faɗin Amurka, na sami mutum ɗaya, likitan Wheaton. Kuma ba yadda za a yi in ba shi labarin ba tare da na ce ni na ƙera, a gidanmu na koya ba.

Lahadi na je Wheaton. Aka kawo tuwo, na ci. Da jama'a suka ragu ya ce, "Injiniya, ka ɓuya. Lafiya dai?" Na buɗe baki, na ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe, gaisuwa ce kawai." Na hau bas na dawo. Lahadi ta gaba na sake zuwa, na tarar da baƙi daga New York, na ce wa kaina yau ba dama.

A tsakanin nan na zama ɓarawo a gidan da nake haya. In fita tun kafin su tashi, in bi matakalar baya, in dawo in cire takalmi tun daga waje. Na daina jan kujera. Ina jin talabijin ɗinsu ta ƙarƙashin ƙafata, ina jin tarinsa, ina jin ƙamshin madarar kwakwa ranar Lahadi. Da yamma in leƙa ta taga, ba kowa a kan ciyawar. Kaɗaicin da na sani a da na rashin mutane ne, kuma ashe mai sauƙi ne. Wannan kuwa mutumin yana nan, siminti kawai ya raba mu, ni na hana kaina shi. Kullum in kwanta da niyyar gobe, gobe ta zo in ga abin ya ƙara nauyi, domin yanzu har da jinkirin ma sai an ba da haƙurinsa.

Ranar Alhamis ta mako na uku na kasa. Na je gidan likita bayan la'asar, na same shi shi kaɗai yana ba fulawa ruwa. Na durƙusa a kan ciyawa na faɗa masa komai, tun daga zugazugi har zuwa bokiti. Ya kashe famfon.

"Yau kwana nawa?"

"Sha tara, ranka ya daɗe."

"Sha tara! Kuna bene ɗaya da mutum? Haba, Injiniya. Ko ina bizi ai da ka buga mini waya ofis." Ya girgiza kai. "Maƙeri, to sai me? Ni da kake gani kakana marini ne, har ya koma ga Allah hannunsa shuɗi ne. Wa ya tambaye ka takardar asali? Tashi mu je."

Muka tsaya a wani shagon 'yan Afirka ya sayi goro, wai ko ba su ci ba sa ga girmamawa.

Matar ce ta buɗe. Ta dube ni, ta dubi dattijon da ke gabana cikin babbar riga, ta matsa gefe. Abokina yana zaune a kujera, hannun a cikin wani farin abu mai tauri har zuwa gwiwar hannu. Ya rame. Na zauna a ƙasa bakin ƙofa. Likita ya yi magana mai kyau, da Turancin da ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ya ce wannan ƙaninsa ne, ya yi kuskure irin na gado, a wurinmu wasa wuƙa karramawa ce ga mai ita, jinkirin kuma kunya ce ba girman kai ba. Ya ajiye goron. Abokina ya saurara har ƙarshe, ya ce ya gane, ya ce shi ma da laifinsa da bai duba ba, domin tun yana yaro aka koya masa a duba wuƙa kafin a kunna. Ya ce ya yafe. Likita ya nemi ganin takardun asibiti, ya karanta, ya yi 'yan tambayoyi. An ɗinke jijiyoyin yatsu biyu. Daga yadda ya ninke takardar a hankali na gane ba za su ƙara rufuwa kamar da ba.

Haka kuwa aka yi. A iya sanina bai sake juya wuta ba, kuma kafin sanyi ya shigo suka koma California wajen dangin matar. Na taya su ɗaukar kaya, muka yi musafaha da hannun hagu. Na ƙara shekara biyu a gidan.

Amma a ranar, da muka tashi tafiya, likita ya yi gaba zuwa mota, shi kuma ya rako ni bakin ƙofa ya tsayar da ni. Ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada matarsa ta ji.

Ya ce, "Mu ma a garinmu da manya ake zuwa. Tun asuba mai laifi yakan zo ƙofar gida ya zauna a ƙasa, a lulluɓe shi da tabarma. Rana ta fito ta dake shi, ruwa ya zo ya dake shi, ba ya motsi sai mai gida ya fito ya ɗage tabarmar da hannunsa. Wani sai ya wuni."

Ya ci gaba.

"Na san ba ka da tabarma. Na san ba ka da kowa a nan, ni ma wa nake da shi? Amma kullum da safe, kafin matata ta tashi, sai in zo in buɗe ƙofar nan in duba." Ya nuna dandamalin da nake tsaye a kai. "Da na same ka, ko zama ba zan bari ka yi ba."

Ya koma ciki ya rufe ƙofa a hankali. Na je na yi sallama da likita, na dawo na bi matakalar gaba zuwa ɗakina. Ranar na ƙirga matakan da ke tsakanin ƙofarsa da tawa. Goma sha huɗu ne.